Sunaye Biyu da Na Kai wa Habila

Matar da ke duba fasfo a filin jirgin Landan ita ce ta fara faɗin sunana yadda masu shi suke faɗa. Ta dubi hoton, ta dube ni, ta ce Hartley. Mu a Zuru Hatili muke cewa, kuma na haura shekara sittin ina amsa shi haka. Ta ce maƙwabcinta ma sunansa ke nan, ko 'yan'uwa ne mu? Wasa take yi, na kuwa yi mata dariya. Da ta tambayi abin da ya kawo ni na ce ɗana ne yake asibiti, sai ta daina murmushi, ta miƙo mini fasfona.

Sunana Ishaku. Mahaifina Bawa soja ne, kamar rabin mazan garinmu a zamaninsa. A yaƙin Bama ya yi wa wani hafsa Bature hidima, yana goge masa takalmi yana dafa masa shayi. Da ya dawo gida labarin Baturen bai bar bakinsa ba, har mutane suka riƙa ce masa Bawa na Hatili don tsokana. Ranar da aka sa ni makarantar mishan malam ya tambayi sunan ubana, ni kuma da ƙuruciya da son a sani na ce Hartley. Malam ya rubuta. Da Baba ya ji bai doke ni ba. Cewa kawai ya yi kayan aro ba ya rufe katara, ya ci gaba da feƙe ƙotar fartanyarsa.

A gidanmu akwai wani abu da ake yi ranar biso. Kafin a zuba ƙasa, babban gida yakan durƙusa a bakin kabari ya kira sunayen iyaye maza, daga na kusa har zuwa wanda ya fara sare daji a kan dutsenmu, ya ce musu ga ɗanku nan, ku tarbe shi. Ko bayan da muka shiga coci ba a daina ba. Fasto yakan juya baya kamar yana neman shafi a Littafi, har a gama. Sunayen nan ba a zaune ake koyonsu ba. A gona Baba yake koyarwa, in ka kai ƙarshen kunya ya faɗi suna ka maimaita, ka juyo da wata kunyar ya ƙara maka wani. Ni ban daɗe a gona ba. Ina gama firamare na gudu Sakkwato na koyi tuƙi, ko golmo, noman neman aure, ban yi wa surukaina ba, kuɗi na aika aka yi musu noma. Abin da na tsira da shi Bawa ne da uban Bawa, Dudu.

Habila shi ne ɗana namiji ɗaya. Yana ƙarami ya tambaye ni dalilin da ya sa sunanmu ya bambanta da na 'yan ajinsu, na ce masa muna da dangi a Ingila. Faɗa ce irin ta uba mai son yaro ya ɗaga kai. Ya girma, ya yi karatun jinya, ya tafi Ingila aiki da matarsa Rifkatu, 'yar Wasagu. Da ciwon daji ya kama hantarsa likitoci suka ce a kira na gida, ya buga mini waya da muryar da ban gane ba, ya ce, "Baba, in za ka zo, ka zo mini da sunayen." Na ce to. Na bi tsofaffi ina tambaya. Gwaggona da ta san su ta rasu, ɗan'uwan Baba da ya rage kuma 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu, ba wanda ya san inda ya faɗa. Haka na hau jirgi da suna biyu.

Rifkatu ba ta iya barin asibiti ba, don haka ta kwatanta mini yadda zan kai babbar tashar bas in hau motar arewa. Na kai da ƙyar, bayan na bi jirgin ƙarƙashin ƙasa ta hanyar da ba ita ba na dawo. Duk wanda na tsayar ya amsa mini, amma yana tafiya yake amsawa, sai dai in bi shi da sauri ina tsintar maganar. Motata sai la'asar, na fita waje in miƙe ƙafa. A wani layi na ga rumfa an rataye ƙananan garkuwoyi masu launi, kowace da suna a ƙarƙashinta. Mai rumfar saurayi ne mai fara'a. Ya tambayi sunana, ya buga a kwamfuta, sai ga garkuwa da kan barewa ta fito. Ya ce gidanmu tsohon gida ne, na mayaƙa da masu ƙasa, kuma wannan tambarinmu ne. Ko ƙiftawa bai yi ba da yake faɗa wa baƙin tsoho irina haka.

Na san ba nawa ba ne. Amma na tsaya ina tunanin yadda zan shiga wurin Habila hannu rabbana. Ya buga mini labarin a takarda mai kauri launin tsohuwar fata, ya sa a firam, na ba shi kuɗin da Rifkatu ta ce in sayi rigar sanyi da su.

Na koma tasha na zauna ina rawar ɗari cikin kaftani da 'yar suwaita. Wani mai shara da ke tura kekensa ya wuce ni, ya dawo, ya dubi hulata ya yi mini sallama da Hausa. Ban san lokacin da na kama hannunsa da hannu biyu ba. Sunansa Garba, mutumin Yawuri. Da na ce daga Zuru nake ya ce ai ya gani a tsayuwata, mu ko a bakin kabari sai mun ƙame kamar ana fareti. Na ce su kuma Yawurawa ko a Landan warin kifi bai sake su ba. Ya kawo mini shayi a kofin takarda, ya ga firam ɗin, ya karanta, ya girgiza kai.

"Baba, wanga abu kowa sayar mai sukai. Ko sunan jakinka ka ba su, garkuwa za ta fito."

Na gaya masa inda za ni da abin da ke jirana. Bai ƙara tsokana ba. Ya shiga wani ɗaki ya fito da wata jibgegiyar riga da wani fasinja ya manta tun bara, ya sa mini da kansa, ya ja zif ɗin har wuya kamar yana shirya yaro makaranta. Ya raka ni ƙofar mota ya ce Allah Ya ba mai jiki lafiya, in kuma kwana ya ƙare Allah Ya ba ni haƙuri. Ban karɓi lambarsa ba. Har yau yana cikin addu'ata.

Tafiyar arewa doguwa ce. Gonaki kore shar, tumaki ba makiyayi, ba ko mutum ɗaya da fartanya. Wanda ke kusa da ni ya toshe kunnuwansa tun daga tasha. A hanyar Zuru zuwa Kontagora kafin ku kai Rijau ka san sunan matar maƙwabcinka da ciwon da ke damun uwarsa.

Rifkatu ta tarbe ni ta durƙusa a tsakiyar tasha, mutane suna kauce mata. Ta rame ita ma. Ta ce in daure in na gan shi, kada ya ga fuskata ta canza. Na yi alkawari, ban kuwa cika ba. Habila da nake tunawa ƙato ne, mai ɗaukar buhun dawa a kafaɗa ɗaya. Wanda na tarar a gado idanunsa sun yi rawaya, agogonsa yana zamewa har gwiwar hannu. Ya yi ƙoƙarin tashi ya gaishe ni, na danne kafaɗarsa.

Don in sami abin yi da hannuna na miƙa masa firam ɗin. Ya duba, ya fara dariya, dariyar ta zama tari har sai da Rifkatu ta ɗaga shi. Da ya sami numfashi ya ce ta gaya mini abin da ke bayan kabad a gida. Ashe irinsa ne sak, ya saya tun watan farko da ya zo. Ya ce, "Baba, ashe gado ne." Mu uku muka yi dariya, kuma ita ce dariya ta ƙarshe da muka yi tare a kan abu ɗaya.

Daga nan ya tambayi sunayen. Na ce ya huta tukuna, ba gudu za su yi ba.

Na yi makonni a gidansu, wani ɗan bene mai matsattsun ɗakuna. Rana takan faɗi tun kafin mutum ya gama sanin ta fito. Na yi ta gaida maƙwabcinsu kullum da safe, sai daga baya Rifkatu ta ce mutumin ya tambaye ta ko wani abu nake bukata. Ta yi mini tuwo da garin semo, ta yi iya ƙoƙarinta, amma bakina yana neman tuwon jar dawa da miyar kuka mai daddawa. Jikata Saratu, 'yarsu ɗaya, tana firamare. Ba ta jin harshenmu C'lela ko kaɗan, Hausarta kuma ba ta wuce sannu da na gode ba. Takan zauna nesa da ni tana kallona kamar wani kaya da aka aiko daga gida ba a san inda za a ajiye ba. A littattafanta duka an rubuta Sarah Hartley.

Kullum in na je asibiti sai Habila ya kawo maganar, ni kuma in kauce. Yau in ce ma'aikaciyar jinya tana nan, gobe in ce ba a faɗinsu a kwance. A bas ɗin komawa gida nakan jera sunaye a raina, irin na tsofaffin garinmu, masu daɗin faɗa. Wa zai ƙaryata ni? Duk wanda ya sani ya mutu ko ya ɓace. Na haɗa jeri mai kyau har na haddace shi.

Da aka sallamo shi gida, don ba sauran abin da asibiti zai yi, sai wata safiya ya tashi da ɗan ƙarfi ya ce yana so ya kai ni wani wuri. Rifkatu ta ƙi, ya nace. Ta tuƙa mu har da Saratu, keken asibitinsa a bayan mota. A hanya ya gaya mini cewa shekarar da ya zo ya nemi wani ƙauye mai sunanmu ya hau jirgin ƙasa ya je, da kwalbar man gyaɗa da kilishi a jaka, tsarabar dangi. Ya yini yana zagaye. Ya shiga wani shago ya ce shi Hartley ne daga Nijeriya, mai shagon ya ce madalla, me zai saya? A jirgin komawa ya cinye kilishinsa. Bai taɓa gaya mini ba sai ranar, kuma ba da zargi ya faɗa ba. Ina ma ya zarge ni.

Can ya kai ni. Ƙauyen ƙarami ne, gidajen dutse, da tsohuwar coci da kaburbura kewaye da ita. Na tura kekensa a tsakanin duwatsun. Ga sunan nan a rubuce, a wannan, a wancan, wasu har gansakuka ta cinye rabin haruffan. Miji da mata, jarirai, wani soja. Wata tsohuwa da ke canza furanni a cocin ta fito ta gaishe mu. Da Habila ya faɗa mata sunanmu ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi dariya ba. Ta zauna a benci kusa da kekensa ta ba mu labari, inda ta yi sauri Habila ya mayar mini da Hausa.

Ta ce sunan ya girmi cocin. Daga bakin mutanen da ake kira Anglo-Saxon ya fito, waɗanda suka tsallako teku a zamanin da suka zauna a ƙasar suna noma. A tsohon harshensu ma'anarsa fili a tsakiyar daji inda barewa ke fitowa kiwo. Da farko sunan wuri ne, ba na mutum ba, kuma wurare da yawa sun amsa shi. In mutum ya bar ƙauyen ya je wani gari sai a riƙa ce masa wane na wuri kaza, kamar yadda a bariki ake cewa Audu Zuru. Da tafiya ta yi nisa sai ya manne wa 'ya'ya da jikoki. Don haka ba duk masu sunan ne dangi ba. Na tambaye ta garkuwa da kan barewa. Ta ce irin wannan tambari mutum ɗaya ake ba, ba duk mai suna ba, kuma waɗanda ke kwance a nan yawancinsu gonar wani suka noma har suka mutu. Ta ce a littattafan coci ana iya bin wasunsu uba bayan uba, har inda rubutu ya ƙare.

Sai ta tambaya, mu fa? Kafin wannan sunan, wa muke?

Habila ya ce mata babansa ne ya sani, don haka ma ya zo. Ya juyo ya dube ni. Matar ta ga alamar maganar gida ce, ta ce bari ta ɗora mana ruwan shayi, ta ja Rifkatu da Saratu suka shiga ciki.

Jerin da na haɗa yana kan harshena. Na buɗe baki na ce Bawa. Ya maimaita. Na ce Dudu. Ya maimaita, ya jira. Iska tana kaɗa bargon da ke ƙafarsa. Na dubi duwatsun nan, kowane da sunan mai shi na gaskiya, ko da talaka ne. Na tuna cewa ba Habila kaɗai zan faɗa wa ba. Ranar tana zuwa da zan durƙusa in kira mutanen da ba a taɓa haifa ba, in ce su tarbi ɗana.

Na ce, "Iyakar abin da nake da shi ke nan. Kakanka ya so ya ba ni sauran, ban tsaya ba."

Ya juya fuskarsa wajen katanga. Na so ya yi mini faɗa. Can ya ce tun ranar da na fara kaucewa ya gane, yana dai so ya ji daga bakina ne. Ya ce da yana fata ya bar wa Saratu wani abu da ba a saya a rumfa.

Da muka ji motsin su Rifkatu suna fitowa ya goge fuska da bargon ya ce, "Ba komai, Baba. Ka kira biyun. Su ai sun san hanya."

Bai ƙara tada maganar ba. Ya rayu ɗan lokaci bayan haka, yawanci yana barci. Nakan zauna kusa da shi ina ba shi labarin gida, wanda ya yi aure, wanda ya gina shago, yadda ruwa ya cinye gadar hanyar gonarmu. Ya cika da hantsi, Rifkatu tana riƙe da hannu ɗaya ina riƙe da ɗaya.

Kawo gawa gida ya fi ƙarfinmu, kuma Rifkatu ta ce tana so yarinyar ta sami inda za ta riƙa zuwa. A maƙabartar birnin aka sa shi. Mota ce ta haƙa kabarin, an shimfiɗa wani koren kafet a kan ƙasar don kada a ganta. Mutanen cocinsu sun zo, da abokan aikinsa, Turawa da Indiyawa da 'yan Afirka. A jikin akwatin an manna ƙarfe an rubuta Habila Hartley. Rifkatu ta riga ta gaya wa faston cewa uban mamacin zai yi wani abu na gida kafin a rufe, ya ce ba laifi.

Na durƙusa a kan jiƙaƙƙen kafet ɗin. Na yi magana da C'lela, harshen da ba mai ji a wurin sai Rifkatu. Na ce Bawa, ga ɗan ɗanka. Na ce Dudu, ga jininka, ya mutu a nesa, ba laifinsa ba ne. Daga nan bakina ya tsaya a buɗe. A gida a nan ne ake fara nisa, mata su sunkuyar da kai, suna yana bin suna har muryar tsoho ta dushe. Na ce, "Ku kira na gabanku. Ni ban san su ba."

Faston ya ga na yi shiru ya ɗauka na gama, ya ce amin, jama'a suka amsa. Gwiwata ta ƙi tashi, sai da wani Bature ma'aikacin maƙabartar ya kama ni ta hammata.

Na dawo Zuru da damina. Mutane sun zo gaisuwa, suna tambaya ko an yi masa yadda ake yi, ina cewa an yi. Na ci gaba da neman ɗan'uwan Baba. Wani ya ce ya gan shi a Dirin Daji, na hau mashin na je, ashe wani tsoho ne daban. Wani ya ce ya rasu a hanya lokacin gudu. Ban daina tambaya ba, amma na daina sa rai.

Rifkatu tana kira duk Lahadi bayan coci. Takan ba Saratu wayar, mu yi sannu da na gode, sai ta karɓa. Kwanaki ta ce mini za a kafa dutse a kabarin, me nake so a rubuta? Na ce ta rubuta sunan da ke takardun yarinyar, kada wata rana ta zo neman ubanta ta rasa. In akwai wuri a ƙasa, ta ƙara Bawa da Dudu. Ta ce, Baba, naka fa? Na ce ta bar fili.

Ni ne babban gidanmu yanzu, kuma ba namiji a bayana. Ranar da za a sa ni a ƙasa, ban san wanda zai durƙusa ya kira ko da biyun ba.